Tsanin da Aka Ƙirga Matakansa

Laburaren makarantarmu ta firamare akwatin ƙarfe ne guda ɗaya, kore, irin wanda ake zuba wa amarya kaya a wancan zamani. Yana ajiye a kusurwar ofishin hedimasta da ƙaton kwaɗo a jikinsa, ba a buɗe shi sai ranar Alhamis bayan an dawo daga tara. Yara biyu ne ke ciccibo shi zuwa aji, Malam ya zaro mabuɗi daga aljihun gaban rigarsa, mu kuwa mu yi tsit kamar ruwa ya ci mu. Da an ɗaga murfin sai wani ƙamshi ya buso, na tsohuwar takarda gauraye da kafur. Har yau in na shiga kantin littattafai, shi hancina ke nema.

Littattafan ciki ba su kai hamsin ba, dukansu na Turanci, sirara, wasu shafinsu bai wuce talatin ba. A bangon kowanne akwai lamba. Malam ba ya barin yaro ya zaɓa da kwaɗayin ido. Sai ya dube ka, ya dubi lambar, sannan ya miƙo maka. In ka kai hannu ga mai lamba huɗu alhali ƙarfinka na biyu ne, sai ya riƙe littafin ya ce, "A'a, ɗana, ba a hawa bishiya ta reshe. Gama wannan tukuna."

Wanda ya faɗo hannuna wata Alhamis cikin bazarar 1971, ina aji shida, labarin wasu mutane ne da ke zaune can ƙarshen arewacin duniya, inda ƙasa da teku duk suke daskarewa. Suna yanka ƙanƙara kamar tubali su gina ɗaki da ita. Karnuka ne ke jan kayansu. Suna huda rami a kan daskararren ruwa su zauna jiran dabbar da za su soka. Na karanta shi a gindin darbejiyar bakin makaranta, gumi na ɗiga daga haɓata, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Abin da ya fi ba ni mamaki a ranar ba ƙanƙarar ba ce. Ni ne na kai shafin ƙarshe na littafin Turanci sukutum, ba wanda ya riƙe mini hannu, kalma uku kacal na tambaya. Ɗaya daga cikinsu ita ce "snow". Malam ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ka san ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan farko? To, ka ɗauka an dake ta ta yi laushi, tana saukowa a hankali kamar audugar rimi." Na yi shekara fiye da talatin ina koyar da Turanci bayan haka, kuma da wannan bayanin nake fassara wa yara kalmar.

Da dare na kai wa kakata labari, wadda muke kira Iya. Tana kaɗi a bakin fitila, na ce mata akwai ƙasar da rana ke yin watanni ba ta faɗi ba, sannan ta yi watanni ba ta fito ba. Ta tsayar da mazari ta dube ni. "Kai, yaron nan, a littafin bokon ka gani?" Na ce i. Ta ce, "To su mutanen can, yaushe suke sallar magariba?" Ban da amsa. Washegari na kai wa Malam tambayar, shi ma ya ce sai ya tuntuɓi na gaba, kafin mako ya zagayo maganar ta kai zauren liman, dattawa na ta juya ta bayan la'asar. Ɗan littafi mai shafi talatin ne ya ta da wannan ƙura. Da tatsuniya ce na kawo, da Iya ta yi murmushi ta ci gaba da kaɗinta, don ta fi ni sanin tatsuniya. Abin da ya tsayar da mazarinta shi ne an ce mata gaskiya ne.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane cewa sauƙin da na ji a gindin darbejiya ba sa'a ba ce, ƙirga shi aka yi. Wani Bature ɗan Ingila, Michael West, shi ne ya kafa harsashin sana'ar rubuta irin waɗannan littattafai masu matakai. Ya yi aikin ilimi a yankin Bengal zamanin mulkin Ingila a Indiya, har ya shugabanci kwalejin horon malamai ta Dhaka, wadda a yau ita ce babban birnin Bangaladash. Ya lura cewa yawancin yaran da ke fara Turanci suna barin makaranta a tsakiyar hanya. Sai ya tambayi kansa: yaron da ya yi shekara biyu ko uku ya tafi, me zai tsira da shi? Ya ga cewa magana da rubutu suna son dogon zama da malami, amma iya karatu guzuri ne da yaro zai ɗauka ya ci gaba da amfani da shi ko a ina ya sami kansa. Wannan tambaya tasa, duk wanda ya taɓa koyarwa a ƙauyukanmu ya san nauyinta. Da ya duba littattafan da ake ba yaran, ya tarar kusan kowane layi akwai baƙuwar kalma, wasu ma tsofaffin kalmomin adabi ne da Turawan kansu ba sa faɗa a kasuwa. Sai ya cire su ya sa na yau da kullum, ya kuma baza sababbin kalmomi nesa da juna, kusan ɗaya cikin hamsin, yana maimaita kowace har ta zauna. Ya bayyana bincikensa a 1926, kamfanin Longman ya fara buga littattafansa a 1927, sannan a 1953 ya fitar da jerin kalmomin Turanci kimanin 2,000 da suka fi yawo a bakin mutane da alƙalaminsu.

Daga nan ne lambar bangon littafi ta samo asali. Kowane mataki yana da adadin kalmomin da aka yarda marubuci ya taɓa. A jerin Oxford Bookworms, alal misali, matakin farawa kalma 250 ne, na ɗaya 400, na biyu 700, na uku 1,000, a haka har na shida mai 2,500. Nahawu ma ana auna shi: a matakin ƙasa ba a ba da labari da sigar abin da ya wuce, komai sai a faɗe shi kamar yanzu yake faruwa. Shekaru da dama bayan West, masu bincike irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand suka nuna cewa mai koyo yana bukatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya karanta cikin jin daɗi ba tare da ƙamus ba. Wato dai baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin, lissafin da tsohon malamin Dhaka ya riga ya kai gare shi da alli da haƙuri.

Rubuta labarin ƙirƙira da kalma 400 abu ne mai wuya, amma rubuta gaskiya da kalma 400 ya fi shi wuya nesa ba kusa ba. Mai ƙaga labari in kalma ta gagare shi sai ya karkatar da labarin. Mai bayanin halitta ba shi da wannan mafita. Jemage yana da fiffike, yana tashi, amma haihuwa yake yi yana shayarwa, kuma dole ka faɗa wa yaro haka ba tare da ka jibga masa kalmomin masana ba, ba kuma tare da ka ce masa tsuntsu ne don neman sauƙi ba. Na ga littattafan da suka faɗa wannan rami, suka sauƙaƙa magana har ta koma ƙarya. Na kuma ga waɗanda suka tsallake shi da dabara: hoto mai kyau a gefen shafi, kibiya tana nuna sashen jiki, kalmomi biyar ko shida na musamman an gabatar da su tun a shafin farko kamar baƙin da aka gabatar kafin a zauna cin abinci. Ina girmama marubutan nan ƙwarai, ko da yake sunayensu ba sa shahara. Aikinsu kamar na magini ne da aka ba shi tubali ƙidayayye aka ce ya tayar da ɗakin da ba zai yi yoyo ba.

Da na kama alli ne na ga amfaninsu da idona. A kowane aji akwai yaran da in ka ba su labarin wata yarinya a Landan sai su kwantar da kai a kan tebur. Amma ka ba su ɗan littafi a kan giwa, su karanta cewa tana ɗaukar ciki wata ashirin da biyu, ko cewa ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa bakwai ne daidai da na mutum, sai ajin ya ɗauki zafi. Wani ya ce ƙarya ne, wani ya shafa wuyansa yana ƙirgawa, wani ya ce babansa mahauci ne zai tambaye shi. Suna gardama suna komawa shafin don kafa hujja, ba su ma san Turanci suke karantawa a karo na uku ba. Haka magidantan da na koyar a ajin yamma. Mutum mai iyali yana jin nauyin a gan shi riƙe da labarin zomo da kunkuru, amma ba ya jin kunyar littafi a kan hamada ko aman wuta na duwatsu, ko da kalmominsa na 'yan aji uku ne.

Mu ma fa ba a bar mu a baya ba da farko, kuma wannan ne ke sa ni jin zafi in na waiwaya. A Zariya, Rupert East da Abubakar Imam, mutanen da suka tsaya a kan Hukumar Talifi da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita a 1939, sun haɗu sun rubuta Ikon Allah, littafi a kan halittu iri-iri na duniya, da Hausar da yaro zai sha kamar kunu. Mun karanta shi, kuma a cikinsa ne da yawanmu muka fara jin cewa abin da muke gani a daji da sararin sama yana da bayani da harshenmu. Ga kuma jerin nan na koyon karatu da ko sunayensu kaɗai tsani ne: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga 'yan ƙananan littattafai masu arha don manyan da suka koyi baƙi da wasali kada karatun ya kuɓuce musu. Kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966 ya gaji wannan aiki. Mutanen nan sun fahimci abin da West ya fahimta: wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa daidai ƙarfinsa ba, kamar wanda aka koya wa iyo ne aka kai shi tudu.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A 1976 aka buɗe ƙofar firamare ga kowa da shirin UPE, yara suka yi ambaliya, ajin da ke ɗaukar talatin ya koma ɗaukar tamanin. A 1986 aka karya darajar naira, littafin da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin makarantar gwamnati. Akwatunan ƙarfe suka koma ma'ajiyar rajista da tsintsiya. Karatu ya takure ya zama littafin darasi guda ɗaya da tambayoyin jarrabawar bara. Jama'a ba su daina son karatu ba, shaida ita ce yadda littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa tun daga shekarun 1980, mata da matasa na karɓar haya suna karantawa har dare. Sai dai ba a sami masu yi wa tsuntsu da bishiya da kogi irin wannan hidima ba.

Na kusa ajiye aiki lokacin da na fara riƙe sabon samfurin littattafan nan, a wani taron bita na malaman Turanci. Jerin Footprint ne, wanda aka gina a kan hotuna da finafinan National Geographic, ƙarƙashin kulawar Rob Waring: littafi 100, mataki takwas, daga kalma 800 zuwa 3,000, kowanne da bidiyonsa da muryar mai karantawa. Na juya shafukan a hankali kamar mai taɓa kayan aro. A littafin yarintata zane ne baƙi da fari, karnukan ma sai ka ƙura ido kafin ka bambanta su da tumaki. A nan kuwa ga birai a garin Lopburi na ƙasar Tailan, inda ake shirya musu walimar 'ya'yan itace sau ɗaya a shekara, kana ganin ruwan kankana na bin gashin haɓarsu. Ga yaran Mongoliya 'yan shekara bakwai ko takwas a kan dawakai suna tseren bikin Naadam, ƙura ta turnuƙe bayansu, abin da duk yaron da ya taɓa ganin sukuwa a hawan salla zai gane nan take. Mai koyo yana karantawa, ya saurara, ya kalla, kalma ɗaya ta shige shi ta ƙofa uku. Ban yi ƙyashin yaran yanzu ba, murna na yi musu. Abin da ya dame ni shi ne sanin cewa kuɗin littafi ɗaya ya fi abin da mafi yawan iyayen ɗalibaina ke kashewa a kan littattafan zango guda.

Akwai wani canji da ya fi na hoto zurfi, shi ne yadda ake maganar mutane. Littafina na 1971 ya kira mutanen ƙanƙara da sunan da baƙi suka laƙaba musu, Eskimo. Su kuwa a Kanada da Girinlan Inuit suke kiran kansu. Bai ambaci sunan ko mutum ɗaya ba, bai bar ko ɗayansu ya yi magana ba. Kuma nahawun matakin ƙasa ya taimaka wajen daskarar da su: suna zaune, suna farauta, suna gina ɗakin ƙanƙara, kamar jiya da yau da gobe duk ɗaya ne a wurinsu. Alhali a lokacin da nake karantawa yawancinsu sun riga sun koma gidajen katako a garuruwa, kuma a 1999 suka sami yankin mulkin kansu na Nunavut a Kanada. Na fara zargin littafin nawa ne ranar da na ga shafin da wani irinsa ya yi a kanmu: raƙumi, rawani, marinar Ƙofar Mata, shi ke nan Kano ta ƙare. Ba ƙarya a ciki, amma wanda ya karanta ba zai san muna da likita ko direban tirela ko gardamar siyasa ba. Ita kanta mujallar National Geographic, wadda ta fara fita tun 1888, ta fito fili a 2018 ta amsa cewa ta daɗe tana nuna mutanen da ba farare ba da idon wariya. Sababbin littattafan sun gyara da yawa: mutum yana da suna, yana da sana'a, yana faɗin damuwarsa da bakinsa. Duk da haka mai riƙe da kyamara har yanzu daga waje yake zuwa, shi ke zaɓen abin da ya isa a yi mamakinsa.

Jikata ce ta sa na ɗauki alƙalami na rubuta wannan. Shekararta tara, tana makarantar kuɗi a birni inda ake hana su Hausa a aji. A wayar uwarta akwai manhajar karatu mai matakai, tana hawa tana samun taurari. Ta san panda da kangaru da tsuntsun nan na ƙanƙara mai tafiya a tsaye, ta san abin da kowanne ke ci, da Turanci mai daɗin ji. Ran nan muna zaune a tsakar gida, wani maƙwabci ya shigo gaisuwar da na san akwai bukata a bayanta, da ya fita na ce, "Ungulu ba ta jewar banza." Ta ɗago kai daga wayar ta ce, "Kaka, mece ce ungulu?"

Na buɗe baki in ce je ki mahauta ki gani, sai na tuna rabon da in ga ungulu a mahautar garin nan an fi shekara goma sha biyar. Da muna yara ba a iya ƙirga su. Suna jere a kan katangar kasuwa da rassan kuka, kai a sanƙo, suna jiran mahauta su watsar da hanji, har sai an kore su da dutse. A 2015 hukumar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sa irin ungulun nan tamu a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba da farautar sassan jikinta don magani da tsafi su suka cinye ta. Gauraka mai tukku kamar zinariya, wadda ke taka rawa a fadamu, ta zama sai a hoto. Burtu ya saura a kan mafarauta a wasan salla. Yarinyar nan ba laifinta ba ne. Dabbobin sun bar dajinmu, kuma ba su taɓa shiga irin littafin da ke hannunta ba, ta ina za ta san su?

Alhali labaran na nan birjik, kowanne ya isa littafi. A yankin Kure, gabas da Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har saura 49 a 1996. Gwamnatin Nijar da manoman wurin da masu kare dabbobi suka tsaya musu, suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji don su kafa sabon garke. Dabba mafi tsawo a duniya tana kiwo a gefen gonar wake, manomi na haƙuri da ita: wane yaro ne zai ajiye wannan littafi bai gama ba? Ga gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke yin kore, ta bar wa gero rana da taki, ta yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Manoman Maraɗi da Damagaram sun mai da miliyoyin kadada kore tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin kututture ya tofo suna yi masa sassabe. Duk wannan ana iya faɗinsa da kalma 400, da Hausa ko da Turanci.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na dausayin Haɗeja da Nguru. Kowace shekara in kaka ta wuce sanyi ya shigo, dubban tsuntsaye ne ke sauka a can daga Turai da Asiya. Cikinsu akwai wasu 'yan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a gonakin shinkafa, waɗanda ke yin ƙwai a can ƙarshen arewacin Turai da Saberiya, a irin ƙasar da rana ke ƙin faɗuwa. Wato ƙasar da na karanta a gindin darbejiya, wadda ta tsayar da mazarin Iya, tana aiko mana da baƙi kowace shekara, suna sauka tafiyar yini ɗaya daga ƙauyenmu. Na kai shekara hamsin kafin in san haka. Littafin ya nuna mini can, bai taɓa gaya mini cewa akwai hanya tsakanin can da nan ba.

Ba na cewa ba a yin komai. Shirin African Storybook da aka fara a Afirka ta Kudu a 2014, da StoryWeaver na Indiya da ya biyo baya a 2015, suna da littattafai masu matakai kyauta a intanet, har da na Hausa. A Bauci da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta don 'yan ajin farko, na kuma ga yaran da suka amfana. Amma mafi yawan wannan ƙoƙari a matakan ƙasa ya tsaya, kuma labarai ne suka fi yawa. Yaron da ya iya haɗa baƙi ya gama littafin aji uku, in ya ɗaga ƙafa neman mataki na gaba sai ya taka iska: daga 'yan jimloli sai jarida ko littafin jami'a. Matakan tsakiya, inda ake koyon karanta bayani da bin hujja, su ne babu, kuma a nan ne littafin halitta da na al'adu ke da aiki.

Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in na ce da jikata za mu yi namu. Muka zaɓi shamuwa, don ita har yanzu tana zuwa ƙauyenmu. Ni ke rubutawa, Hausa a shafin dama, Turanci a na hagu, ita kuma aikinta ta ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba ta sani ba. In layi ya wuce biyu a shafi, sai in sake. Ta ja a ƙarƙashin "ƙaura", ta ja a ƙarƙashin "sheƙa", abin da ya nuna mini cewa shafin dama ma na mai koyo ne. Shafi na huɗu sau biyar na rubuta shi, ina neman yadda zan ce shamuwa tana tafiya kudu, ta haye tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka in ruwanmu ya ɗauke, ta dawo ta yi ƙwai a bishiyoyin cikin gari in ya kusa sauka, ba tare da na ce ita ke kawo ruwan ba, ba kuma tare da na ƙaryata tsofaffin da ke duban zuwanta su fara gyaran gona ba.

Da hutun makaranta ya zo, cikin watan Mayu, na tafi da ita gida. Washegari da sassafe muka fita bayan masallaci inda tsohuwar tsamiya take. Hadari ya ɗan taso daga gabas, iska na ɗauke da ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi a wani wuri. Sheƙa uku muka ƙirga, alhali a da akwai fiye da ashirin. A kan ta sama akwai shamuwa guda a tsaye, baƙa mai farin ciki, tana gyara kara da baki. Yarinyar ta daɗe tana kallo, littafin a rungume a ƙirjinta, sannan ta ce, "Kaka, ba mu rubuta cewa fuskarta shuɗiya ce ba."

Na ce, "Amarya, ni idona bai kai can ba. Kin tabbata?"

Ta ce ta tabbata, har da ɗan ja a gefen ido. Na miƙa mata biro, ta durƙusa ta ɗora littafin a gwiwa, ta tambaye ni ko "shuɗiya" da ɗ mai ƙugiya ake rubuta ta.